Buhun Dawar Baba Dauda

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata a Dayi ba, shekarar da na fara koyarwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro alli.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana ƙannensa biyu. Baba Dauda ya yi aikin gwamnati a Funtuwa har ya yi ritaya, yana zaune a ɗakin haya yana karɓar fansho. Baba Iliya kuwa manomi ne, bai taɓa sanin albashi ba. A lissafina, Baba Dauda ne mai hali, Baba Iliya abin tausayi.

Da safe na ga ana fito da buhun dawa daga gidan Baba Iliya. Da muka dawo daga coci aka zauna shelar gudummawa, sai na ji mai shela ya dafa buhun nan ya ce, "Daga Baba Dauda na Funtuwa!" Mata suka rangaɗa guɗa.

Raina ya ɓaci. Yaya za a ba mai fansho yabon gumin talaka? Na miƙe (ba wanda ya tambaye ni, wallahi) na ce, "A gyara! Wannan buhun na Baba Iliya ne, da idona na gani."

Baba Iliya ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da sata. Baba Dauda ya dube ni, ya yi ɗan murmushi.

"Gaskiyarka, Malam," in ji shi. "Rigar nan ma da ke jikina tasa ce."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Goggonmu ta ja ni bayan rumbu tana faɗa ƙasa-ƙasa: "Kai wane irin yaro ne? Fanshon nan sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo haya ta cinye. A birni har itace saye ake yi. Duk kaka Iliya ke aika masa hatsi a motar auduga, ba wanda ya sani. Yau kai ka sanar."

Baba Dauda bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu, abin da ya fi damuna ke nan. Bai kuma sake zuwa wani biki a Dayi ba.

Yanzu ni ma fanshon nake jira, ƙanena ke aiko mini da masara. In aka je taro, addu'ata ɗaya ce: Allah Ya raba ni da ɗan'uwa mai gani da idonsa.