Janar Ba-ka-faɗuwa ya ɗauko ɗan sanda

In ana lissafin jarumai, da Janar ake farawa, in an manta kuma shi zai tuna wa mutane. A ranakun aiki mai kula da sito ne a wani kamfanin fenti, yana gadin gwangwanaye yana hararar direbobi. Amma ran Asabar da yamma, in ya hakimce a kujerar falo, ya ɗora ƙafa kan tebur, ya riƙe abin buga wasa hannu biyu, to kowa ya shiga taitayinsa.

Wasan na mutum huɗu ne, kowa a gidansa, intanet ta haɗa su, suna magana ta waya: shi, ƙaninsa, amininsa Tela, da surukinsa mai kantin magani. Ba sa yaƙar juna. Gari ɗaya suke karewa daga dodannin da kwamfuta ke turowa, in an ci duka an ci, in an faɗi a koma farko gaba ɗaya. Janar kuwa ya manta rabon da dodo ya kai shi ƙasa. Yakan kutsa tsakiyarsu ƙirji a gaba, har ya ajiye abin wasan ya kurɓi shayi, su yi ta saransa a banza. Shi ya raɗa wa kansa Janar Ba-ka-faɗuwa, kuma saboda tsabar tawali'u bai ƙara da "Babban" ba.

"Baiwa ce, ba a koyonta," yakan gaya wa matarsa.

"Haka ne, Baban yara," ita kuma ta ɗauke kofin kafin ya yi fatali da shi.

Wata Asabar sai allo ya nuna Tela ya fi shi kashe dodanni. Tela fa! Mutumin da sai ya lalubo tabarau kafin ya zura zare a allura. Abin ya tsaya wa Janar a rai, ya yi nazari irin na manya, ya gano bakin zaren: maguɗi. Da ya ji cewa wasan yana da wata manhaja da ake kunnawa ta tsige duk wani ƙari da aka cusa masa ta bayan fage, sai ya kira taron gaggawa.

"Jama'a, ɓarna ta shigo rundunata," in ji shi. "Ni na gina sunana da gumina, ba zan zauna da masu shiga ta taga ba. Asabar mai zuwa zan kunna manhajar nan, ɗan sandan wasa."

"Yaya, wa za mu cuta?" in ji ƙaninsa. "Gefe ɗaya muke fa. Ko dodon kwamfuta ne zai kai ƙararmu?"

"Me ya sa muryarka take rawa?"

"Ranka ya daɗe, don Allah a bar abin nan yadda yake," in ji suruki.

Janar ya yi murmushi. Ɓarawo ɗaya yake nema, ga shi ya samu uku.

Irin wannan nasara ba a cinta a ɓoye. Ya gayyato abokan aikinsa har da manaja, aka cika falo, ya haɗa wayarsa da babbar lasifika don kowa ya ji mai laifi yana neman gafara. Ya kunna manhajar da yatsa ɗaya, kamar mai buɗe sabon asibiti. Sannan ya kutsa cikin dodanni yadda ya saba, ya ajiye abin wasan, ya ɗauki shayi.

Bai kai kofin baki ba. Wani ɗan mitsitsin dodo, wanda bai fi kaza ba, ya zo ya mangare shi, Janar ya zube. Tela ya ruga ya tashe shi, ya sake zubewa. Suruki ya tashe shi, ya juya da ƙarfin hali ya faɗa rijiya. Manaja ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa.

"Zagon ƙasa ne!" Janar ya miƙe yana huci. "Wanda ya yi maguɗi a wasan nan ya fito ya faɗa gaban shaidu!"

Baƙi suka juya suna kallon lasifika. Can sai muryar Tela.

"Mu ne, Janar, mu ukun. Amma a kanka muka yi."

"A kaina?"

"Da can, duk faɗuwar da ka yi sai ka yi mana lacca, sannan a koma farko. Ni ga ɗinkin mutane, surukinka ga kanti. Shi ne muka sa maka rigar da sara ba ya kamawa, don mu riƙa tashi da wuri. Ita ɗan sandanka ya tuɓe."

Wani zai ji kunya ya zauna, kuma gaskiya Janar ya ji ta har cikin ƙashinsa. Amma babban mutum ba ya rasa jawabi. Ya gyara wuyan riga, ya fuskanci baƙi.

"Kun ga abin da nake so in nuna muku ke nan. Bincikena ya tabbatar cewa wasan haɗin kai ba ya buƙatar ɗan sanda. Amana ce ke riƙe da shi. Ni kuwa ko da riga ko ba riga, Janar ne. Ku ci gaba da shan lemo, ina zuwa."

Ya shige kicin, ya turo ƙofa, ya kira ƙaninsa yana raɗa.

Baƙi na zaune a falo, sai babbar lasifika, wadda har yanzu ke haɗe da wayarsa, ta ɗauka da ƙarfi, har gilashin taga na amsawa:

"Yaya, ɗaga murya, ba na jinka! Rigar ce a mayar maka? To, to. A'a, wallahi ba wanda zai sani!"

Matarsa ta leƙa kicin, tire a hannu.

"Baban yara, manaja ya ce in tambaye ka, wai rigar tana da ta zuwa ofis?"