Ranar da Na Gyara Waƙar da Ba Ta Lalace Ba

Ni mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Kware, kuma ina ji da kunnena. Ƙanena Nasiru yana da ƙungiyar makaɗa, suna haɗa goge da molon Amurka, wato jita, da kiɗan kwamfuta. Ranar da suka yi bikin waiwayar tsofaffin waƙoƙinsu, na sha babbar riga, aka zaunar da ni a sahun gaba.

Ana tsakiyar rawa sai muryar mawaƙin ta kama maimaita kalma ɗaya. Na ce yau ranar gwani ce. Na hau dandamali, na zare wayar kwamfutar, na hure ta, na karɓi makirufo na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, na'ura ta sarƙe."

Nasiru ya matso ya ce, "Yaya, haka waƙar take. Da gangan munka sarƙe ta."

Ashe ana ɗaukar sauti. Yanzu maganata ce amshin sabuwar waƙarsu, kuma ita ta fi tashe. Ko tari na yi sau biyu a gida, sai Inna ta ce, "Ku yi haƙuri, na'ura ta sarƙe."