Ranar da Na Cire wa Jita Ƙarin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin 'yar Alhajin unguwarmu a Birni, cikin Damagaram, shekarar da aka raba jar dawa ta agaji. Yawancin waɗanda suka yi mini dariya ranar sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ni kaɗai a ɗaki, tsohuwar da ba ta da ko haƙorin cizon yatsa.

Marigayi maigidana tela ne (ban faɗi sunansa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba). Yana da jita ta katako, mai rami a ciki, wadda wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya bar masa da aka mai da shi Yamai. Kiɗan gurmi yake yi da ita, irin na garinsu. In ya gama ɗinki da la'asar sai ya zauna a tsakar gida yana taɓawa a hankali, ni ina tankaɗe. Akwai wani kiɗa da ya yi mini tun ina amarya, ba shi da suna, ba ya yi wa kowa sai ni. Nakan ce wa mata ko makaɗa dubu aka jera a bayan katanga zan fid da hannunsa. Da bakina na faɗi haka, ba sau ɗaya ba.

A lokacin an fara jin labarin jitar kuran, wato ta lantarki, wadda ake haɗa wa waya da wani baƙin akwati mai ƙara sauti. Duk sanda aka yi zancenta sai ya taɓe baki.

"Allo ne fa kawai aka ɗaura wa tsirkiya," in ji shi. "Ba ta da ciki, ba ta numfashi. Cire mata waya ki ji, sauro ya fi ta murya. Wannan tawa ko a tsakiyar daji za ta yi magana."

Ni kuwa na haɗiye maganar nan ɗungurungum. Ban taɓa ganin jitar kuran ba, amma babu wanda ya kai ni ƙinta a duk Damagaram.

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone a ƙauyenmu Tirmini tun bai kai gwiwa ba. Innata da ƙanwata da 'ya'yanta suka taho wurinmu da tabarmi a ka. Wa zai ɗinka riga ciki babu komai? Keken ɗinki ya yi shiru. Muna dafa jar dawar nan da ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Ƙaramin ɗan ƙanwata ya kwanta, muka kai shi wurin likita, aka rataya masa kwalba da siririyar roba a hannu. A nan na fara ganin ƙarin ruwa.

Cikin wannan hali Alhaji ya aurar da 'yarsa ga wani komi, ma'aikacin ofishin gwamnati, aka kawo masu orkes, makaɗan zamani, daga Yamai. Maigidana ya ce an gayyace shi ya taɓa tasa kafin baƙi su fara. Abin da bai gaya mini ba shi ne, mai jitar orkes ɗin ya gudu Kano, shugabansu da suke kira Shef yana neman wani, kuma duk wanda aka ɗauka yana da albashi da buhun hatsi duk wata. Ya ɓoye mini don kunya. Da wane baki zai ce mini zai riƙe allon da ya yi shekaru yana zagi?

Ranar bikin maza suna waje a ƙarƙashin rumfa, mu mata muna cikin gida wajen tukwane. (Kada in yi ƙarya, ƙamshin shinkafa ne ya kai ni da wuri, ba zumunci ba.) An jawo wayar kuran daga ɗakin Alhaji, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta zaure ta fita waje. A tsakiya an haɗa biyu, an ɗora dutse a kai don kada yara su taka.

Bayan la'asar sai ƙara ta tashi, har murfin tukunya yana rawa. Mata suka saki muciya suka fara guɗa. Barira matar direba, wadda ba ta taɓa ganina ta ƙyale ba, ta matso tana karkaɗa kafaɗa.

"Matar tela, kin ji kiɗa ko? Wannan shi ake kira jita. Ta gidanku in ana yi sai an kori kaji kafin a ji."

"Wannan mara lafiya ce," na ce, ina nuna wayar. "Ba ki ga ƙarin ruwa ake mata ba?"

Mata suka kwashe da dariya, kaina ya kumbura. Daidai nan kiɗan ya juya. Na kasa kunne. Kiɗana ne, na amarcina, wanda babu mai shi sai ni, ga shi ana watsa shi har unguwar Zango. Wata mai hankali da ta tsaya ta yi tunani. Ni abin da ya zo mini shi ne, 'yan Yamai sun ji shi wajen maigidana da rana, sun sace, sun hana shi wasa, sun zuba a akwati.

"Har kiɗansa sun ɗauke," na ce.

"To je ki kai ƙara," in ji Barira.

Ban kai ƙara ba. Na ture dutsen da ƙafa, na kama wayar hannu biyu, na fizge. Wani abu ya yi tartsatsi, gari ya yi tsit. Maimakon in koma wajen tukunya in yi kamar ba ni ba, sai na gyara ɗaurin zane na nufi zaure, tun ban fita ba na ɗaga murya.

"To mai allo, kaɗa mu ji. An cire ƙarin ruwa. In kai makaɗi ne kaɗa haka nan. In ba ka iya ba a kira tela ya koya maka."

Maza suka waiwayo, suka dare mini hanya. A tsakiyar rumfa ga mutum tsaye da jar jita rataye a wuya, cikin farar rigar da na wanke da hannuna da safe. Yatsunsa ba su ma daina motsi ba, tsirkiyar tana ƙin-ƙin-ƙin kamar sauro, yadda ya faɗa daidai. Tasa ta katako tana jingine a kujera.

Wani tsoho a gaba ya ce, "Tela, ana kiranka ka zo ka koya wa tela."

Dariyar da aka yi, har da masu riƙe ciki. A shekarar nan mutane sun daɗe ba su yi dariya ba, ni na biya musu ta gaba ɗaya. Shi bai yi ba. Kallona kawai ya yi, ya cire jitar a hankali ya miƙa wa Shef.

Aka mai da waya, akwatin ya ƙi tashi, wai wani abu ya ƙone a ciki. Da kalangu aka ƙarasa bikin. A gabana Shef ya ce masa, "Malam, hannunka yana da kyau ƙwarai. Amma ni akwati ɗaya gare ni, kai kuma ga madam."

A gida bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ya rataye jitarsa a ƙusa, ya zauna bakin gado, can ya ce, "Ke da gaske ba ki gane ni ba?"

Na ce ƙarar ce ta yi yawa.

"Don ki ji daga cikin gida na zaɓi wannan kiɗan," in ji shi.

Kafin wata ya mutu muka sai da keken ɗinki. Ya tafi cin rani Kano, ya dawo da tari. Yaron ƙanwata bai kai damina ba. Ban ce buhun Shef zai tsai da shi ba, kwanansa ne ya ƙare, amma na san abin da buhu guda yake yi a gida irin namu a shekarar nan. Maigidana ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, muka yi zaman lafiya, sai dai bai sake taɓa mini kiɗan nan ba, ni ma ban sami fuskar roƙo ba. Jitar tana rataye har gara ta cinye bayanta.

Har gobe in kuran ya ɗauke a unguwa, sai ka ji yara suna cewa "Iya ta fizge waya." Ba su san mafarin maganar ba, a bakin iyayensu suka tsince ta.

Jikokina suna gardama wai wace ta fi daɗi, ta katako ko ta kuran. Nakan ce ta katako da na kusa take magana, ta kuran da na nesa, amma kada su tambaye ni, don ni an yi mini magana da duka biyun ban gane mai maganar ba. Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. In namiji ya cika zagin abin da ba shi da halin saya, ki yi shiru, so yake yi. In kuma kin ga igiya a ƙasa, ki bi ta tukuna ki ga a wuyan wa ta ƙare.