Kwamfutocinmu Suna Nan Cikin Ledarsu

Jama'a, yau an kore ni daga makarantar 'yata, kuma ni ne da laifi. Yatsa ɗaya na sa na ɗan ɗaga gefen ledar da aka lulluɓe wata kwamfuta da ita. Kafin in sauke hannu, mai riƙe da makullin ɗakin ya dira a kaina kamar na taka masa ƙafa a cikin jama'a. Ya raka ni har bakin get yana sanar da ni cewa irina ne ke hana a ci gaba. Ban musa ba. Ni tela ne, a aji shida karatuna ya tsaya, wa ya aike ni taɓa kayan zamani?

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Shekara uku ke nan da Yallaɓai Mai Girma, Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara wa motarsa sanyi, ya aiko wa makarantar da kwamfuta arba'in. An yi fenti, an jera yara a rana suna tafi, an ɗauki hoto. Labulen ɗakin ma ni na ɗinka, don haka ba labari aka ba ni ba. Yallaɓai na juya baya aka garƙame ƙofa, saboda kayan sun zo da wasiƙa: ba za a kunna ko ɗaya ba sai malamai da iyaye da hukumar makaranta sun zauna sun samar da hangen nesa na bai ɗaya kan yadda za a yi amfani da fasaha a aji. Magana mai kyau. Wa zai so a kunna kwamfuta haka kawai, babu hangen nesa?

Da yake ban iya cewa a'a ba, ni iyaye suka tura wakilci. Kuma ina da tawa a ƙasa. Autata tana ajin ƙarshe, jarrabawar shiga jami'a tana tafe, kuma a kwamfuta ake yin ta. Yarinya ce da ke karatu har sai uwarta ta ƙwace littafin ta ce ta je ta ci abinci. Tun da aka haife ta ba ta taɓa dafa kwamfuta ba, sai leƙe ta taga.

Zaman farko ya tafi a kan wanda zai zauna a babban tebur. A na biyu muka kafa kwamiti, a na uku kwamitin ya haifi ƙananan kwamitoci huɗu, duka suna cikin ƙoshin lafiya. A na bakwai aka aiko mana da ƙwararre daga sama, mai kwat da turare, ɗauke da na'urar haska hoto a bango. Babu wuta, sai ya tsaya gaban farin bango yana ba mu labarin hotunan da baki. A nan, in ji shi, da kun ga yaro yana murmushi. Muka kalli bango muka gyaɗa kai. Wani malami har cewa ya yi hoton ya yi kyau.

Daga nan ya raba mana 'yan takardu masu launi, ya ce kowa ya rubuta burinsa a liƙa a allo. Na rubuta nawa da manyan baƙaƙe: A KUNNA SU. Da ya zo kansa ya yi irin murmushin da likita ke yi wa wanda ya kawo maganin gargajiya asibiti. Ya ce wannan ba hangen nesa ba ne, shi hangen nesa shekara ashirin yake dubawa gaba. Na ce ranka ya daɗe, jarrabawar 'yata saura wata huɗu. Ya juya ga jama'a ya ce to kun ji matsalarmu ke nan, gajeren tunani. Aka yi masa tafi, ni ma na taya, don kada a ce ba ni da tarbiyya.

Mutum ɗaya ce a makarantar nan ba ta jira hangen nesa ba, malamar kwamfuta. Baiwar Allah ta kwaso kwalayen da kwamfutocin suka zo a ciki, ta yayyanka, ta zana madannai a kan kowane da biro, harafi bayan harafi, ta raba wa ɗalibai. Kullum da yamma Auta takan shimfiɗa nata a kan teburin da nake yankan yadi, yatsunta na gudu a kan kwali kamar mai kiɗa. Ina taka keke ina satar kallonta, daɗi da takaici suna kokawa a ƙirjina.

Da na ga kwanaki suna ƙurewa, na sami shugaban makaranta a ofis mu biyu. Ba mugun mutum ba ne, na rantse. Ya tura ƙofa, ya ciro wata takarda daga aljihun tebur ya nuna mini. Sau biyu a shekara Yallaɓai Mai Duba Kaya yana zuwa da irinta, kuma gida uku gare ta: sabo fil, an taɓa, ya lalace. Shugaban makarantar tsallaken titi ya yi gangancin buɗe nasu. Yara suka yi ta dannawa har haruffa suka goge, aka rubuta masa an taɓa sau arba'in. Yanzu yana wata makaranta can inda mota ke ajiye mutum ya ƙarasa da ƙafa.

“Malam tela, saura shekara biyu in yi ritaya,” ya ce da ni. “Muddin ba a gama rubuta hangen nesan nan ba, babu mai ce mini don me ban buɗe ba.”

Na ce da shi a sana'armu keken da ba a takawa shi ke fara tsatsa. Ya ce kwamfuta ba keken ɗinki ba ce. Na kawo ƙara wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo, ina tsammanin zai taya ni zagi. Sai ya tambaye ni shekara nawa rimot ɗin talabijin ɗina ya yi a cikin leda. Na ce shida. Ya tambayi ledar kujerun falona. Na ce masa ina da ɗinki a shago.

Shekaranjiya aka yi jarrabawar. Auta ta dawo ta wuce ɗaki, ko kallon abinci ba ta yi ba. Sai da la'asar ta fito ta zauna kusa da kekena. Haruffan duk ta san inda suke. Amma ashe amsa ba da haruffa kaɗai ake zaɓenta ba, akwai ɗan abin nan mai kama da ɓera da ake ja a kan tebur, shi kuma ba ya zanuwa a kwali. Ta zauna tana kallonsa, hannu a cinya, har sai da wata mai sa ido ta lura ta zo ta ɗora mata hannu a kai. Kafin nan lokaci ya yi nisa. Ba ta kai rabi ba allon ya rufe. Na tambaye ta me ya hana ta gwada tun farko.

“Baba, nasu babu leda,” ta ce. “Tsoro na ji kada in ɓata musu.”

Na sunkuya ina neman allurar da ba ta faɗi ba. Raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai. Sai baɗi ke nan, idan da rai.

To yau aka gayyace mu biki biyu a haɗe. An kammala hangen nesa, shafi sittin, kuma makarantarmu ce ta zo ta ɗaya wajen kula da kayan fasaha. Wakilin Yallaɓai Mai Girma ya miƙa takardar yabo, aka buɗe ɗakin don hoto, manya suka jera a bayan kwamfutoci suna murmushi. A nan ne yatsana ya yi mini rashin kunya. Kuma kafin a kama ni na ga abin da na gani: kyankyasai ne a ƙarƙashi, uwa da uba da 'ya'ya, suna zirga-zirga a kan madannai babu mai ce musu kul. Su dai sun riga 'yata shiga zamani.

Ina dawowa gida na yage ledar rimot ɗin nan. Uwar yara ta ce zai tsufa, har yanzu ba ta sake yi mini magana ba. Takardar yabon kuwa, na ji an ce gobe za a kai ta a sa mata leda.