Fiffike a Kicin ɗin Kaka Stamena

"Ina kwana, matata? Kada ki buɗe tagar nan!"

Gaisuwar da Miladin ya yi wa kakarsa Stamena ke nan, safiyar da na shiga, ni maƙwabciyarsu, taya ta naɗin ganyen kabeji na girkin biki. Washegari slava ce, bikin waliyyin gidansu, dangi na tafe har daga garin Chachak. Shi kuwa gogan ya shimfiɗa fiffiken jirgin sama a kan teburin cin abinci, har bakin ƙofa. A akwatuna ya sayo jirgin yana haɗawa da kansa, mutumin da ko facin keke bai iya ba. Jiya ya manna katakon, gam ɗin kuma in ya sha sanyi kafin ya kama, aikin ya tashi a banza. Kicin ne kaɗai ke da ɗumi a gidan.

Ta ce, "Ban kwana ba, mijin banza. Mazan kirki na kawo nama, kai ka kawo min kwali."

"Kwali? Tsohuwa, wannan zai kai ki Belgrade kafin kofinki ya huce."

"Kaza ma da fiffikenta. Ka taɓa ganin ta cikin gajimare?"

"In ta yi nauyinki ina za ta tashi?"

"Ja'iri! Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kwashe shi ka kai rumfa. A ina fada, limamin coci, zai yanka burodin biki, a ƙeyarka?"

Sai kai-komo yake, ya taɓa murhu, ya leƙa ma'aunin zafi, ya dawo. Wallahi ya ba ni tausayi, har gumi yake.

"Zuwa jibi kawai, Kaka. Sauri ya haifi nawa. In ya rabe da ni a sama, wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori?"

Ta ajiye wuƙa. "Rabewa yake yi?"

"In gam bai kama ba."

Ta shige ɗaki. Can sai ga ta da bargonta mai kauri. Ta lulluɓe fiffiken a hankali, ta ƙara itace a murhu, ta harare ni don na bar ƙofa a buɗe.

Ya ce, "To baƙin fa?"

"Su ci a tsaye, fada ma da ƙafafunsa." Ta yi dariya, ta dungure masa kai. "Na binne miji ɗaya, ba zan binne na biyu saboda kabeji ba."