Tocilar da Ba Ta Son Zama

Hadari ya haɗo tun da hantsi, aka kuma ɗauke wuta, ɗakin Kaka mai ɗinki ya koma kamar cikin tulu. Baƙin wandon maƙwabcinta direban bas na kwance ƙarƙashin allurar keke, ƙafa ɗaya an ɗinke, ɗaya na jira, mai wando kuwa zai zo karɓa kafin ya fita aikin yamma. Baƙin zare a kan baƙin yadi, ga ido ya ga jiya ya ga shekaranjiya! Ita kuma 'yarta ta riga ta yanke hukunci tun ranar da Kaka ta haɗe wa wani bakin aljihu: ɗinki ɗaya ya sake lalacewa, keke ya bar gidan. Shi ya sa Kaka ta aiki jikanta Siriri, ɗan 'yar tata, mai koyon gyaran wuta, ya sayo mata batirin tocila. Sai ga shi ya faɗo ɗaki yana haki, baki har kunne.

"...lafiya lau, amaryata! Ya ƙarfin jiki? Ko dai in ce ya ɗan sauran?"

"Sauran ya isa in goya ka in zaga gari, mijin wahala. Ina batir?"

"Batir? Tsohuwa, daga yau kin rabu da batir har abada. Rufe idonki."

"In rufe me? Ai a rufe yake. Miƙo!"

Ya dire mata wata tocila a cinya, jikinta garau kamar kwalba, ana ganin hanjinta. Kaka ta latsa. Ko ƙyas.

"Na shiga uku, an aiki bawa garinsu! Na ce batir, ka kawo mini gawa?"

"Ba gawa ba ce, barci take. Girgiza ta ake yi."

"Girgiza? Ni da furfurata zan tsaya ina yi wa tocila rawa? Bari hadari ya wuce in shanya ta a rana, ko ta sha ta farfaɗo."

"Kin ji ki! Wannan ba tsoffin batiranki ba ne da kike shanyawa a bakin taga kamar wanki. Kawo ki gani."

Siriri ya karɓa ya shiga kaɗa ta gaba da baya, wani abu a ciki yana ƙwas-ƙwas-ƙwas. Da ya latsa sai haske fari tas ya bugi bango. Kaka ta zabura har ƙwallon zare ya gangara ƙarƙashin gado.

"Kai! Kai! Ɗan nema, me ka saka mata?"

"Ba abin da na saka. Matso da hancin nan naki. Kin ga wannan dunƙulen da ke kai da kawowa? Mayen ƙarfe ne. Wannan jan abin da aka naɗe a tsakiya kuma wayar tagulla ce. Duk sanda dunƙulen ya ratsa ta cikin naɗin, sai lantarki ya taso a wayar."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni za ka gaya wa mayen ƙarfe? Ga nawa can a gwangwani, da shi nake tsince allurai tun uwarka na rarrafe. Ko sau ɗaya bai taɓa haska mini komai ba."

"Don a zaune yake, kamar mai shi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Allah kuwa, Kaka. Ƙarfin nan da ke jan allura yana nan kewaye da shi kullum, amma in bai canza ba, waya ko a jikinta. Sai ya matso ƙarfin ya ƙaru, ya wuce ƙarfin ya ragu. Wannan ƙaruwa da raguwar ita ke tunkuɗa lantarki. Janareton da ke hana ki barcin rana ma haka yake, shi dai juyawa yake yi."

Kaka ta karkata kai, ta ƙura wa dunƙulen ido.

"Wato kamar warin takalminka. Kai da ke zaune da shi ba ka ji, sai ka gifta mutane su yi atishawa."

"To, ko da zagi dai kin gane."

"Ashe har ƙarfe ya san motsi ya fi laɓewa. Haska mini nan, maza, mai wando na hanya!"

Keke ya ɗauki ƙara. Yadi na tafiya, Kaka na ta santi, har da cewa ko amaren bana ba su kai ta gani ba. Ba ta kai gwiwar wando ba haske ya fara ja, ya yi ja, ya mutu. Ƙafarta ta tsaya cak.

"Ta suma! Girgiza, girgiza!"

Siriri ya kaɗa, aka ɗan taɓa, ta sake mutuwa. Ya kaɗa, ya sauya hannu, ya kaɗa. Yaran yanzu kuwa ƙashinsu na kara ne, nan da nan ya fara nishi.

"Amarya, kafaɗata za ta cire."

"Ka ga namiji! Tocila ta kayar da kai, ina ga ni? Kuma duk sanda ka tsaya kaɗawa ni ma tsayawa nake. Haka za mu yi ta yi har uwarka ta turo masu ɗaukar keke?"

Da jin haka sai dariya ta bar fuskar Siriri. Ya durƙusa yana murza kafaɗa, idonsa ya faɗa kan matakin keke, wanda ke sunkuyawa gaba ya koma baya a ƙarƙashin ƙafar Kaka.

"Tsaya! Sake takawa in gani!"

"Yau kuma ƙafata kake leƙe? Sai yanzu ka san kyakkyawa ce?"

"Wannan faso? Ba ni ƙyalle, Tsohuwa!"

Ya kwantar da tocilar a gefen mataki, kanta gaba gindinta baya, ya ɗaure tamau. Kaka ta taka. Mataki ya sunkuya, dunƙule ya zame ƙwas; ya ɗago, ya dawo ƙwas. Ta saki guɗa har da tafi.

"Ayyururui! Ƙafata na haifar wuta! Je ka gaya wa masu ɗauke wuta su riƙe abarsu!" Sai kuma ta tsuke fuska. "To gwanin dabara, hasken yana ƙasa. Yatsun ƙafata zan ɗinka?"

Siriri ya sosa ƙeya, ya kalli rufi. Kaka ba ta gane baƙin zare, amma kumburin aljihu ba ya ɓoye mata.

"Mene ne wancan a wandonka?"

"Ba komai."

"Ba komai mai ƙwas-ƙwas? Fito da ita, ɓarawon zaune!"

"Kaka, tawa tocilar ce fa, da ita nake shiga silin wurin aiki..."

"Aro na ce. Ɗaya na ci a ƙasa, ɗaya na aiki a sama, in ta gaji ku sauya."

Haka aka yi. Ita tana takawa, shi yana haskawa, yana kwancewa yana ɗaurawa, ƙwas-ƙwas na bin ƙarar keke. Tana datse zaren ƙarshe, direba na sallama a ƙofar gida. Ta karɓi tocila ta bi ɗinkin da haske tun daga ƙugu har ƙasa. Miƙaƙƙe sambal, ko tattara babu.

"Kai masa. In ka dawo ka kira uwarka ta zo ta duba da idonta mai kyau."

Siriri ya rataya wando, ya miƙo hannu. "To, tawa fa?"

Kaka ta zura tocilar a lalitarta ta ja bakin.

"Wace taka? Tunda ka aure ni, yau ne ka fara kawo abin kirki gidan nan. Ka taɓa jin an yi wa amarya kyauta an karɓe?"

Ya kwashe da dariya har ya dafa ƙofa.

"Na sallama, Tsohuwa, riƙe duka biyun. Ni sai in shiga silin da lalube."