Ƙurar Ɗakin Kaka

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar hanya? Wa ya nuno miki nan?"

"Gajiya tana wurin wanda ya kwana yana sata. Matsa in wuce."

Mai Fenti ya yi saurin tare hanya. Kakarsa ce tsaye a gabansa, a tsakiyar sabon zauren da aka buɗe bikin baje kolin fasaha da safen nan, sanda a hannu, ga wani ƙaton direba a bayanta yana kaɗa makullin motar ɗaukar kaya. Shi fa ba mai fenti ba ne, mai zane ne, har da takardar makaranta. Amma tun ranar da Kaka ta gan shi da buroshi ta raɗa masa sunan, kuma sunan da kaka ta raɗa ko da sabulu ba ya fita.

Garin ne ya yi ta ƙiba har rigarsa ta matse shi. Sabon titi ya bi ta kan tsohuwar unguwarsu, Kaka ta koma saman bene wurin ɗanta, kayan ɗakinta kuwa aka jibge su a sito. Mai Fenti ya kwashe su ya ce gyara zai kai. Nan ya kawo su. Ya kafa bango uku na katako, ya tayar da ɗakin kamar yadda ya san shi yana yaro: gadon ƙarfe, akwati, rediyo, madubi mai tsaga, har tsintsiya a lungu. Ya bi komai ya barbaɗe da ƙura, ya zagaye da igiya, ya kafa allo biyu. Ɗaya ya ce *Bayan Tashi*, sunan aikin ke nan. Ɗayan ya ce *Kada a taɓa*.

Alƙalan gasar da ake yi a bikin suna bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, sun kusa isowa. Wanda ya ci, za a ba shi ɗakin aiki a zauren nan. In bai ci ba, akwai alkawari tsakaninsa da babansa: ya ajiye buroshi, ya tafi babban birni ya tsare wa baffansa shagon kayan gini.

"Direba, ka ga gadon can? Da shi za ka fara."

"Tsaya, malam, tsaya. Haba uwargida, a gaban jama'a za ki tona wa mijinki asiri?"

"Mijin da ya sace gadon matarsa ya kawo kasuwa? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba gyara ka ce min za ka kai ba?"

"Gyara ne mana. Gyaran suna. Yau duk garin nan sai sun san ki."

"Sun san ni tun ubanka yana yawo ba wando. Jikar maƙwabciyata ce ta nuna min a waya. Na ce gadon nan kamar na taɓa kwana a kansa. Da na ƙara dubawa sai ga ƙafar da kakanka ya tokare da bulo. Har bulon ka sato, marar tsoron Allah."

"Aro na yi."

"Aron da mai kaya bai sani ba, a garinmu wani suna gare shi."

Ta ɗaga ƙafa, da sanda da komai, ta tsallake igiyar. Wannan ƙafar ce kullum ake shafa wa man zafi ana cewa ba ta iya hawa bene.

"Kaka, ba a shiga. Ba ki ga allo ba? An ce kada a taɓa."

"Allon ne ya saya min gadon?"

Ta shafa yatsa a kan akwati, ta ɗago shi ta duba, ta dubi jikanta.

"Mene ne wannan?"

"Ƙura."

"Na san ƙura ce, ban makance ba. Daga ina?"

"Ni na zuba."

"Ka zuba."

"Ƙura ce mai kyau, Kaka. Daga bakin sabon titi na ɗebo, sai da na tankaɗe ta da rariya."

"Wannan yanar da ke saman gadona fa?"

"Auduga ce da gam. Wuni na yi ina ja da tsinke."

Kaka ta juya wurin direba. "Ka ji abin da aka kai shi makaranta ya koyo. 'Ya'yan mutane suna gina gada, nawa yana yi wa gizo-gizo ƙwadago."

Direba ya toshe baki yana ɓoye dariya. Mai Fenti ya harare shi, ya gyara tsayuwa.

"Ke ba za ki gane ba, aikin zamani ne. Lokacin da kika yi ƙuruciya ko madubi ba a ƙirƙiro ba, a randa kuke duba fuska."

"A randar na duba na ga na fi ƙarfinka. Kai da kunnuwan nan naka, in ka tsaya kusa da rediyon nan ko eriya ba ya buƙata."

"Da su nake jin masu cewa na yi asarar aure. Haƙoran da suka rage miki ko layin gaisuwa ba za su cika ba."

"Sun isa su ciji ɓarawo. Matso ka gani."

Da a nan aka tsaya, da ya san yadda zai lallaɓa ta, don ba yau suka fara ba. Sai ana wata ga wata. Wasu mata biyu suka tsaya a bakin igiya, suka leƙa, ɗaya ta taɓe baki ta ce wa 'yar'uwarta, "Kai, mai ɗakin nan dai ba ta san tsintsiya ba." Suka wuce abinsu.

Mai Fenti ya ga wuyan Kaka ya miƙe. Ya san wannan miƙewar. Ita ce take zuwa kafin a kori mai aiki ko a mayar wa mahauci da namansa. Ta jingine sanda, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauki tsintsiyar da ke lungu ta buga gindinta a tafin hannu.

"Kaka, wannan tsintsiyar ta kallo ce."

"To kalla."

"Wallahi in kika share ƙurar nan na sake ki."

"Da wane auren? Sadakina alewa ce ka ba ni kana ɗan mitsitsi, ka dawo kana kuka ka karɓe ka shanye. Har yau zaman haƙuri nake."

"To na mayar da ke. Ajiye tsintsiyar mu yi sulhu. Zan saya miki alewa kwali guda."

"In sha da wane haƙorin? Ba kai ka gama ƙirga su yanzu ba?"

Ta sunkuya ta fara daga ƙarƙashin gado. Ƙurar da aka tankaɗe da rariya ta tashi ta turnuƙe rumfar, mai sayar da tukwane na gefe ya fara atishawa. Mai Fenti ya hango hular ɗaya daga cikin alƙalan a rumfa ta uku daga tasa. Wasa ya fita daga bakinsa.

"Kaka, don Allah. In kika lalata aikin nan ko kika kwashe kayan, tafiya zan yi. Baba ba wasa yake ba."

"Ka tafi mana. In huta da mai shanye min madarar shayi."

Haka ta ce, amma tsintsiyar ta rage gudu.

"So nake mutane su ga yadda aka bar unguwarmu. Su tsaya a nan su ji abin da aka yi mana. Shi ya sa na zuba ƙurar. Ba don in ci miki mutunci ba."

Kaka ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.

"To ƙarya ka nuna musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kana makaranta ranar, me ka gani? An gama fitar da kaya, katafila tana bakin layi tana gurnani, ubanka yana cikin mota yana danna min hon. Na ce ba inda za ni sai na share. Na share shi tas, na yayyafa ruwa, na goge taga, na ja ƙofa na kulle. Mai katafila har dariya ya yi min, wai Mama, ƙofar da za ta faɗi yanzu kike kullewa. Ɗakin da na haifi ubanka, na yi jinyar kakanka har Allah ya karɓi abinsa, ba zan miƙa shi da datti ba, ko ga mai rushewa ne."

Ta koma kan shararta.

Mai Fenti bai taɓa jin wannan ba. Ba wanda ya faɗa masa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar. Ya dubi yanar da ya wuni yana ja da tsinke, ya miƙa hannu ya yaye ta gaba ɗaya ya cusa a aljihu.

"Ba ni tsintsiyar."

"Ka iya? Kai da ko ɗakinka sai an toshe hanci."

"Na ce ba ni. Miji yana tsaye matarsa ba ta wahala."

"Yau kuma? Direba, ka zama shaida, an yi abin da ba a taɓa yi ba."

Ta miƙa masa, ta zauna a kan akwati ta zama shugabar aiki. Wai gadon ba nan yake fuskanta ba, wa ya taɓa kwana ƙafarsa tana kallon ƙofa. Direba ya tsallako igiya, shi da ya zo ɗaukar gado ya ɓuge da juya shi. Wai rediyo a hannun dama yake zama, don kunnen kakansa na hagu ba ya ji. Wai madubi a sauko da shi, ita ba raƙumi ba ce. Mai Fenti ya cire hularsa ya goge akwati da ita, Kaka tana kai tana cewa ya bar wani wuri.

Sai idonta ya faɗa kan wani ƙusa a jikin bango, daidai inda ƙofa take a da.

"Wannan fa? Shi ma na kallo ne?"

"Na tuna akwai ƙusa a nan. Na rasa me ake ratayewa, sai na bar shi haka."

"Kai da kunnuwa kamar faifai, kanka kuwa ba ya riƙe komai."

Ta kwance bakin zanenta, ta daɗe tana fama da ƙullin. Ta fito da wani tsohon makulli, ya yi baƙi, da ɗan zare ja a jikinsa. Ta tashi da kanta ta rataye shi a ƙusan, ta ɗan tsaya hannunta a kai.

"Tun ranar yake jikina. Ƙofarsa tana ƙarƙashin titi, motoci suna bi ta kai. Aro na ba ka, ka ji? Irin aron da mai kaya ya sani."

Mai Fenti ya matso ya taɓa zaren makullin. Direba ya gyara murya.

"Mama, a ɗora kayan ne ko a bari?"

"Tafi abinka, ɗana. Mijina zai sallame ka, in ka yi sa'a ba da alewa ba."

Mai Fenti ya ciro allon da ya ce *Bayan Tashi*, ya juya bayansa, ya zaro alƙalami daga aljihu ya rubuta *Ta Share Kafin Ta Fita*. Ya karanta mata.

"Ka ga yanzu ka fara ilimi."

"Na sallama, uwargida. Kin ci. Amma yanzu fito, ga alƙalai nan."

"In fita daga ɗakina don baƙi sun zo? Wa ya yi maka tarbiyya?"

Ta haye gado ta gyara mayafi, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Alƙalan suka iso, wata mata mai tabarau a gaba. Matar ta karanta allo, ta dubi ɗakin yana ƙyalli, ta dubi makullin, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake igiya don ta gani da kyau.

"Sannunku da zuwa," in ji Kaka. "A cire takalma, yanzu aka share."

Mai Fenti ya runtse ido. Da ya buɗe, sai ya ga manyan mutanen nan sun sunkuya suna kwance igiyar takalmi. Mai tabarau ta shiga da safa, ta zauna a bakin akwati ta ce, "Mama, wannan makullin na ina ne?" Kaka ta gyara murya. Wanda ya san Kaka ya san sauran rumfuna sai su yi haƙuri.

Ya lallaɓa zai ɗauke allon *Kada a taɓa*, tunda dai an riga an taɓa komai. Sanda ta sauka a kan hannunsa.

"Kawo shi nan." Ta karɓa ta jingine shi a gefenta a kan gado, rubutun yana kallon jama'a. "Wannan ka bar min. Akwai maza a cikin baƙin nan, ni kuwa matar aure ce, ko da mijin ba ya cefane."

Dariya ta ƙwace wa Mai Fenti har ya dafa bangon katako, yana goge ido da hular da ta sha ƙura.